Shekarar da Rediyona Ya Koma Ɗakin Inna

Da sunan Allah nake ci gaba. Wannan babin ban so rubuta shi ba, don hannuna ba na alƙalami ba ne, kuma bokon da na yi na yaƙi da jahilci ne, wanda ake yi bayan an tashi daga aiki ido na rufewa. Amma da ƙaramar sallah Bashir ya shigo gida fuska a murtuke, wai a tashar Gumel wani tsoho ya tambaye shi ko shi ne ɗan Sabo Kunu, mutane suka yi dariya. Ya ce da ni me ya sa ban taɓa hana a kira ni da wannan sunan ba. Na ce masa ya zauna ya ci abinci. To ga amsar, ku karanta dukanku, don kada gobe in ba na nan wani ya ba ku labarin a karkace.

A shekarar da kuɗin sefa ya faɗi, ina da abu biyu da mutanen Sule Tankarkar suka san ni da su: injin niƙa da rediyo. Injin yana bakin hanya, daura da ɗakin shan magani. Rediyon kuwa a kasuwar Maigatari na saye shi a hannun wani mutumin Damagaram, baƙi ne mai rigar fata da igiyar ratayawa, yana kamo tashoshin da na wasu ba sa kamowa. Saboda shi nake da wurin zama a majalisarmu ta gindin darbejiya, inda muke ciyayya, kowa ya fito da kwanonsa daga gida a haɗa a ci tare. Akwai dattawan da suka haife ni a wurin, amma benci mai jingina nawa ne, don mai rediyo ba ya zama a ƙasa. Ilu direba, wanda ke jigilar gero da dabbobi tsakaninmu da iyaka, shi ke zama kusa da ni saboda yana son jin yadda canji ya kwana. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin wannan bencin.

A lokacin akwai wani shiri da gidan rediyo ke sakawa duk Laraba bayan la'asar, sunansa Me Aka Ɗora. Wata mata ce ke gabatar da shi, tana kiran kanta Gwaggo Mai Murhu, tana bayani a kan abin da ya kamata a ba yara da masu ciki. Da an ji muryarta sai wani a majalisa ya ce a kashe, kada batir ya ƙare a kan hirar tukunya kafin labaran duniya. Sai in kashe. Ku duba wannan tsari da kyau: shirin na masu girki ne, rediyon yana hannun masu ci. Matan da ake wa magana suna cikin gida suna daka, mu da muke riƙe da akwatin muna waje muna jiran tuwo. Hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma ta so ta gyara, sai ta ce mata su riƙa taruwa a ɗakin shan magani su saurara tare, ana raba sabulu. Wa zai bar matarsa ta fita da la'asar sauraron rediyo? Tsofaffi suka je suka karɓi sabulu, suka yi gyangyaɗi a kan benci, ran da sabulu ya ƙare suka daina zuwa. Daga bakin injina ina hango ma'aikaciyar wurin, Madam Rifkatu, 'yar ƙasar Filato ce Kirista da aiki ya kawo garinmu, tana zaune ita kaɗai da rediyon gwamnati da benci babu kowa. In ka tambayi mutum zai ce maka ai yana jin shirin. Ni kuwa mai niƙa ne, duk abin da gari ke ci ta hannuna yake bi, kuma abin da ake kawo mini bai canza ba: gero, dawa, gero, dawa.

A gida kuma ga halin da ake ciki. Uwarku Rabi ta samu cikin Bashir tun yayarsa Ummi ba ta isa yaye ba, don haka aka cire ta daga nono aka kai ta ɗakin Inna, mahaifiyata, kamar yadda ake yi. Ummi sunan Inna gare ta, Hajara, shi ya sa Inna ba ta kiranta sai takwara. Kada wani a cikinku ya ɗauka Inna ba ta son yarinyar. Da ita a goye take yini, ta kwana da ita a ƙirji, ta dama mata kunun gero ta tace shi har ya zama kamar ruwa don kada ya sarƙe ta. Sai dai kunun gero ne kawai, safe da rana da yamma, wani lokaci da ɗan tuwo da aka dama a ruwan miya. Kafin Ummi mun yi wani yaro, Auwalu, ba ku san shi ba. Shi ma a wannan ɗakin aka yaye shi da irin wannan kunun, shi ma kansa ya yi ja, cikinsa ya fito, ya daina wasa, muka rufe shi kafin kaka. Aka ce nonon ciki ya sha. Da Ummi ta kama wannan hanyar na gane ta tun daga nesa. Gashinta ya yi laushi ya koma ja, kumatunta suka cika har baƙi na cewa ta yi ƙiba, ƙafafunta suka kumbura. Yarinyar da ta fara takawa tana bin kaji sai ta koma zama, in an tsayar da ita ta sulale. Ko kuka ba ta yi da ƙarfi.

Wata safiya na ɗauke ta da kaina na tsallaka hanya. Namiji ya rungumi 'yarsa ya shiga ɗakin shan magani abin kallo ne a lokacin, an kuwa kalle ni. Madam Rifkatu ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar Ummi, ta ɗauke, ramin ya zauna bai tashi ba. Ta ba da maganin tsutsar ciki da wani na ruwa, ta ce in numfashinta ya canza ko ta ƙi cin komai kada in jira, in wuce asibitin Gumel. Sannan ta dube ni.

"Malam Sabo, maganin nan taimako ne kawai. Ciwon yarinyar nan a tukunya yake. Wa ke ba ta abinci?"

Na ce Inna.

"To ba da kai zan yi magana ba. Mama za ta zo nan?"

Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Inna ba ta taɓa taka ɗakin shan magani ba, tana cewa warinsa kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya. Madam ta gaya mini abin da za a ƙara a kunun, gyaɗa da waken suya da ganye, da ƙwai in an samu. Na haddace, na je na durƙusa a ƙofar Inna na fara karantowa. Ban kai ƙarshe ba.

"Ƙwai? Ƙwai za ka ba 'ya mace, ta tashi tana satar kayan mutane? Da ƙwai na raine ka, Sabo? Ku bakwai na yaye da kunun nan."

Mu bakwai ta yaye, mu uku muka rayu. Wannan maganar tana bakina, amma ɗa ba ya faɗa wa uwarsa haka, kuma ba zan faɗa ba ko yau ce. Na ce Allah ya huci zuciyarta, na tashi. Uwarku kuwa ba ta da bakin magana a gaban surukarta, balle a kan 'yar da aka riga aka miƙa. Tana tankaɗe na shiga, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, ni ba zan iya shiga tsakanin Inna da takwararta ba. Amma in wannan ma ta bi Auwalu, ban san da wane ƙarfi zan haifi na cikin nan ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da tankaɗe. Na yini a bakin inji ina juya abin. Ni Inna ba za ta ji tawa ba don ita ta haife ni. Ta Rabi ba za ta ji ba don suruka ce. Ta Madam ba za ta ji ba don ba za su haɗu ba. Sai na tuna akwai wata mata guda da ba 'yar kowa ba ce a gidanmu, wadda ba a iya korarta da harara. Da Laraba ta zo, ana idar da la'asar, maimakon in nufi gindin darbejiya sai na shiga ɗakin Inna da rediyo a kafaɗa. Na ce ƙurar gari na ɓata shi a wurin inji, ina so ta ajiye mini. Na rataye shi a ƙusa sama da gadonta, na kunna, na yi kamar na manta ban kashe ba, na fita. Inna ba ta san inda ake kashewa ba.

Rabi ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce da Gwaggo Mai Murhu ta yi sallama, Inna ta amsa mata, don ba a barin sallama a ƙasa. Da ta fara bayani kuwa Inna ta tashi zaune ta shiga mayar mata da martani kamar tana tsakar ɗakin. Ran nan matar tana cewa a riƙa sa wa yara karas da kabeji da kifin gwangwani.

"Karas! Ke 'yar nan a ina kike zaune? A tsakiyar rani, a Sule Tankarkar, rijiya gaba ashirin, ki ce karas? Zo ki shuka mana!"

Har shirin ya ƙare tana faɗa. Da na zo da magariba na ɗauka za ta ce in kwashe kayana, sai ta ce in bar shi, tana so ta ji wace ƙaryar matar za ta yi mako mai zuwa. Na nuna wa Rabi wurin kunnawa.

Na kai wa Madam Rifkatu wannan labari a kunyace, ina ba ta haƙuri. Sai matar nan ta yi ta dariya har tana share hawaye. Ta jawo wata rakoda daga cikin kabad, ta ce tun farkon shirin aka ba ta ita, an ce ta riƙa ɗauko muryar masu sauraro ana aikawa gidan rediyo, amma duk wadda ta kara wa a baki sai ta ce shiri ya yi kyau, Allah ya saka, a gaida Gwaggo. Ta ce ta gaji da aika godiya. Mai faɗa take nema, don mai faɗa ita ce ta ji abin da aka ce.

Larabar da ta biyo Madam ta zo gidanmu, ta yafa mayafi, ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna da Hausarta ta mutanen Filato. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Mama, an ce kin ce Gwaggo ba ta san girki ba."

"Ban ce ba ta san girki ba. Na ce ba ta san garinmu ba."

"To ga ta nan a cikin akwatin nan, in kin yi magana za ta ji. Ko kina jin tsoronta?"

"Tsoron wa? Matso da shi."

Inna ta gyara ɗaurin kallabi kamar za a ɗauke ta hoto, ta yi magana har kaset ya juya. Ta ce mu nan abin da muke da shi zogale ne da rama da yakuwa, ana shanya su a inuwa tun da damina su kai mutum rani. Ta ce akwai kuka, akwai daddawa, akwai ƙuli-ƙuli da ake dakawa, akwai wake. Ta ce uwarta in mai jego ta rame, garin ƙuli-ƙuli take zuba mata a kunu da garin zogale, cikin kwana kaɗan ta murmure. Madam ta kashe rakoda, ta dubi Ummi da ke kwance a tabarma, ta yi magana a hankali.

"Mama, wannan da kika faɗa, duk ƙasar nan za su ji. In suka tambaye ni ko kina yi wa takwararki, me zan ce musu?"

Inna ta ce ai wannan na masu jego ne. Madam ta ce cikin yaro da na mai jego duk ciki ne, a dai fara kaɗan-kaɗan. Ta yi sallama ta tafi. Kafin magariba na ji turmi na ƙara a sashen Inna, ƙuli-ƙuli take dakawa. Abin da ɗanta ya roƙa a durƙushe ta ƙi, ta yi shi don kada maganar da ta fito daga bakinta ta zama ƙarya.

Kaset ɗin ya tafi ta Gumel. Aka ɗan jima shiru, har Inna ta fara cewa matar ta ji kunya ta ɓoye. Ana nan wata Laraba sai ga muryar Inna ta fito daga rediyo, da tarinta da komai, har kukan akuyarmu. Rabi ta ce Inna ta dafe ƙirji ta ce wannan wace tsohuwa ce mai masifa. Gwaggo Mai Murhu ta ce Inna Hajara ta Sule Tankarkar ta yi gaskiya, ita ta yi kuskure da ta manta ba ko'ina ake fadama ba, daga yau a bar karas a kama zogale. Sannan ta ce ita ma tana da nata: Inna ta soya gero da gyaɗa da waken suya sama-sama, a niƙa tare, a dama wa yaro, in bai yi amfani ba ta sake aiko da kaset ta zage ta a gaban duniya.

"Haka ta ce? Sabo! Ina Sabo? A samo mini waken nan. Zan gwada don in ƙaryata ta."

Waken suya ba ma noma shi a lokacin, sai da na je Gumel wurin wasu 'yan kasuwa mutanen Binuwai. Kuma daga nan asarata ta soma. Ku da ba ku taɓa aikin inji ba ba za ku gane ba. Gyaɗa mai gare ta, in ta bi ta cikin farantin injin da ke niƙa sai ta liƙe, garin da ya biyo baya ya fito da danƙo da ƙanshin wake. Sai ka kwance injin ka kankare ka wanke, masu jira suna tsaye. Da na Inna kaɗai ne da sauƙi. Amma matan unguwa da suka ji muryar Inna a rediyo sai suka fara tsallako katanga da ƙofar baya duk Laraba, don shiga gidan maƙwabta ba fita ba ce, ba mijin da zai hana. Ɗakin ya cika, aka koma tsakar gida. Ana sauraro, Inna na gardama, ana gamawa a ɗora tukunya a dama abin da aka ji, kowace ta ɗanɗana ta faɗi ra'ayinta, Madam na ɗauka a rakoda. Kwanukan haɗin nan suka fara zuwa wurina. Masu tuwon sayarwa suka ce garinsu na warin wake, suka kwashe suka koma injin da ke bayan kasuwa. Su ne manyan masu kawo mini niƙa, kuma yawancinsu ba su dawo ba har na sayar da injin. Mai wancan injin ya ce shi ba zai ɓata farantinsa da abincin jarirai ba. Da ni ma na faɗi haka da ban rasa kowa ba. Amma in na ƙi, duk garin ba inda za a niƙa, kuma kwanon farko a layin na 'yata ne.

A majalisa kuwa, ran da na zo ba rediyo a kafaɗa, na tarar wani ya zauna a bencina. Ba wanda ya ce ya tashi. Ilu ne ya fara.

"Ga lokotoro ya iso! Ku matsa wa lokotoro."

Haka suke kiran likita a Damagaram. Malam Tanko, dattijon wurin, ya tambaye ni da gaske ne na kai wa mata rediyo suna koyon dama kunu, mu kuma mu zauna ba mu san abin da duniya ke ciki ba. Na ce da gaske ne. Ya ce to Allah ya kyauta, yau namiji ya bar labarin duniya ya kama labarin kunu. Ilu ya ce ai ba lokotoro ba ne ma, Sabo Kunu ne. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Nan sunan ya fito, Bashir, a bakin Ilu, kana cikin uwarka. Na ci tuwona a ƙasa ran nan. Na ƙara zuwa sau kaɗan, na ga kwanona ne kawai ake buɗewa ana shinshinawa ana tambaya ko da wake a ciki, sai na daina fita da shi. Na koma cin abinci a zaure ni kaɗai. Mutumin da ya saba cin abinci cikin mutane, in ya koma shi kaɗai, tuwon ba ya wucewa da daɗi. Wannan ya fi asarar injin yi mini ciwo, kuma ban taɓa gaya wa uwarku ba.

Ba zan ce muku duk matan da suka taru sun amfana ba. Wasu don a faɗi sunansu a rediyo suke zuwa, da an faɗa sau ɗaya ba a ƙara ganinsu. Wasu suna zuwa su saurara su yi hira su koma su dama kunun da suka saba. Waɗanda suka sa hannu a tukunyar, suka yi musu, suka dawo mako na gaba suka ce nawa ya ƙi sha ko nawa ya yi gudawa me zan rage, su ne kwanukansu ba su daina zuwa injina ba, su ne kuma 'ya'yansu na gani suna gudu a hanya daga baya. Shirin bai canza tasha ba, mai gabatarwa ita ce dai, lokacin shi ne dai. A ɗakin shan magani ya mutu, a tsakar gidanmu ya rayu, don a can ana yi wa mutane magana ne, a nan kuwa da su ake yi. Kwanan baya Ummi ta nuna mini irin wannan shiri a cikin wayarta, da hotunan abinci masu kyau, ta ce mutane da yawa sun shiga. Na tambaye ta a cikinsu nawa ne suka ɗora tukunya, kuma in tsohuwa ta ƙaryata su akwai mai amsa mata? Ta ce Baba kai dai ba ka rabo da magana.

Ummi dai ba ta warke a rana ɗaya ba. Da farko ma kumburin ne ya saɓe, sai ta zama ƙashi da fata, Inna ta tsorata ta ce waken ya tsotse ta. Madam ta zo ta ce ruwa ne ya fita, yanzu ne za a fara gina yarinyar, a ƙara yawan ba ta, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Inna ta ce za ta ƙara mako biyu, in ba ta ga canji ba kaset zai tafi. Kaset na zagi bai taɓa tafiya ba. Yarinya ta fara kama ludayi da kanta, ta fara kuka mai ƙarfi har maƙwabta na ji, baƙin gashi ya fara tsirowa a ƙarƙashin jan. Amma ba ta tashi ba. Tana zaune inda aka ajiye ta, ƙafafun kamar sillen kara. A kan ƙwai kuwa Inna ba ta motsa ba. Duk daminar nan ita da Gwaggo Mai Murhu suna aika wa juna magana. Gwaggo ta ce 'ya'yanta duk sun ci ƙwai ba ɓarawo a cikinsu, Inna ta ce ta jira su girma. Na so in sa baki, Madam ta ce in bar ta, wadda ta ba da gyaɗa da wake da zogale ba a yi mata gaggawa a kan ƙwai.

Wata safiya bayan an yi ruwan sama, gero ya fara fitar da kai, ina zaure ina ɗaure wa keke kaya sai na ji Inna ta ƙwala kira. Irin wannan kiran na ji ran Auwalu. Na shiga a guje. Rabi ta fito daga madafa da tsohon ciki, muciya a hannu. Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta ta toshe baki, tana nuna akurkin kaji da ke can ƙarshen tsakar gida. Tabarmar da aka zaunar da Ummi babu kowa. Ga ta can tsaye a kan ƙafafunta biyu, tana tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu, kaza na zagaye ta tana masifa, ita kuma ta riƙe ƙwai da hannu biyu ta manna a ciki. Ta ratsa tsakar gidan nan kaf ita kaɗai ba wanda ya gani. Da ta ga muna kallonta sai ta juya mana baya ta ɓoye shi.

"Ɓarauniya! Kun gani ko? Takwara, ƙwan kazata?"

Tana faɗa hawaye na zuba, tana dariya. Rabi ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zane. Inna ta taka ta je ta durƙusa, ba ta ɗauke ta ba, ta miƙa mata yatsa ɗaya suka dawo tare a hankali, ƙwan na hannun yarinyar. Da suka iso bakin murhu ta dubi Rabi.

"Ɗora ruwa. Ko ɗanɗana shi ba ta taɓa yi ba ta sata, ashe ba ƙwan ke sa su ba. Tunda an riga an yi satar, a dafa mata abinta."

Ranar Laraba Inna da kanta ta ce Madam ta kunna rakoda, ta ba da labarin, ta ce a gaya wa Gwaggo kada ta yi murna da yawa, har yanzu ba ta yarda da karas ba.

Rediyon bai dawo hannuna ba. Yana rataye a ƙusar nan har Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma kafin ta rasu ta ce na Rabi ne. Bencin ma ban koma kansa ba. Ilu kuwa, bayan shekaru, da aka yaye ɗansa ya fara jan kai, da asuba ya zo ƙofar injin da kwano a cikin buhu don kada a gani, ya ce Sabo Kunu a taimaka. Na niƙa masa, ban tuna masa komai ba.

To Bashir, ka ji. Gobe in wani ya tambaye ka a tasha ko kai ne ɗan Sabo Kunu, ka ce kai ne. In ya yi dariya ka bar shi ya gama, sannan ka ce ya je ya ga yayarka Ummi tana tafiya da ƙafafunta. Allah ya yi muku albarka.